A Daina Tura Sababbi Sayen Ƙaton Kayit

Admin ya ce wannan makon layi ya zo kaina, to ga ni. Tun farko ina neman afuwa, domin maganar za ta taɓa wasu, har da waɗanda muke cin abinci kwano ɗaya da su.

Makon jiya wani ƙaninmu da bai fi wata huɗu da fara wasan nan ba ya yi tambaya a zauren nan. Ya ce nauyinsa kilo 74, yana da kayit mai murabba'in mita 12 da allo mai tsawon santimita 138, a Dubai yake zaune, kuma yawancin ranakun da yake samun sarari iskar ba ta wuce not 10 zuwa 12. Ya tara ɗan kuɗi, me ya kamata ya saya? Kafin la'asar amsoshi sun cika wurin, kusan duk bakinsu ɗaya: sayi 17. Wani ma ya ce in da hali ya nemi 19. Daga baya yaron ya gaya mini mutum biyu sun bi shi ta akwatin saƙo da hotunan tsofaffin 17 ɗinsu, wai za su yi masa sauƙi saboda zumunci.

Ni na ce a'a, kuma har yanzu a'a nake cewa. Wanda ke fama da iska mara ƙarfi, allo zai fara canzawa. Kayit shi ne na ƙarshe a layi, wani lokacin ma ba a isa kansa. Shawarar "sayi 17" ita ce mafi tsada, mafi ƙarancin amfani, kuma ga sabon hannu ita ce mafi haɗari cikin duk shawarwarin da za a iya ba shi. Muna maimaita ta ne don haka aka gaya mana lokacin da muka fara, ba don mun taɓa zama mun yi lissafi ba.

To mu yi lissafin, ba shi da wuya.

Ga waɗanda ba su saba ba, not ɗaya kilomita 1.852 ne a awa, ke nan not 10 ya ɗan haura kilomita 18. Jan da iska ke yi wa kayit ba ya ƙaruwa daidai da gudunta, yana ƙaruwa ne da gudun in an ninka shi sau kansa. Iskar not 10 ka ba ta maki 100. Iskar not 14 makinta 196. Not huɗu kawai aka ƙara amma jan ya kusan ninkawa. Shi kuwa faɗin kayit kai tsaye yake aiki: ka ƙara kashi 20 cikin ɗari na ƙyalle, ka samu kashi 20 na ja, shi ke nan. Yanzu ɗauki mai 14 da ya koma 17. Ƙarin ƙyallensa kashi 21 ne cikin ɗari. In ka mayar da wannan zuwa gudun iska, kashi 10 ne kacal. Wato wanda yake tashi a not 12 da 14 ɗinsa, da 17 zai tashi a wajen not 11. Not ɗaya ya saya. Shi kuwa ƙaninmu mai 12, in ya haura 17 ya ƙara kashi 42, wanda a iska ya kama wajen kashi 19, ka ce not biyu da ɗan ɗoriya. Wannan kuma a takarda ne, kafin a cire abin da nauyin kayit ɗin da nawarsa za su cinye.

Kuma suna cinyewa sosai. Mutane na manta cewa kayit kansa kaya ne, sai iska ta fara ɗaukarsa kafin ta ɗauke ka. Ƙaton kayit mai tiyub da haƙarƙari uku ko biyar, musamman tsofaffin da ake sayar wa sababbi, yakan kai kilo huɗu ko fiye. A iskar not 18 ba ka jin wannan nauyin. A not 9, da zarar iskar ta ɗan lafa na daƙiƙa biyar, sai ka ga kayit ya yi laushi, ya sunkuyar da kai, ya faɗo kamar rigar da aka shanya igiya ta tsinke. Sannan ga nawa. Ƙaramin kayit kana iya kaɗa shi sama da ƙasa da sauri, kowace kaɗawa tana haifar masa da iskarsa ta kansa. Shi ƙaton kafin ya juyo daga sama ya gangaro, allonka ya riga ya nutse, kana zaune cikin ruwa har wuya kana kallonsa.

Wannan maganar ta iskar da gudu ke haifarwa ita ce zuciyar abin, ita ce kuma ba a koya wa sababbi da kyau. Ka taɓa fitar da hannu ta tagar mota ran da ko ganye ba ya motsi? Iskar da ta bugi hannunka motar ce ta haifar da ita. Haka kayit yake. Iskar da yake ji haɗin biyu ce, wadda ke kaɗawa da wadda gudunka ya haifar. Da zarar allo ya ɗago ya fara zamewa a saman ruwa, gudu ya ƙaru, kayit ya ƙara jin iska, ya ƙara ja, gudu ya sake ƙaruwa. Duk wahalar iska mara ƙarfi tana cikin daƙiƙu uku ko huɗu na farko ne, kafin allo ya ɗago. Wanda ya tsallake wannan gaɓar ya wuce. Wanda bai tsallake ba, ko laimar biki ya rataya a sama, ruwa kawai zai riƙa nomewa.

Me ke sa allo ya ɗago da wuri? Faɗinsa, da shimfiɗar cikinsa. Allon ƙaninmu 138 ne, faɗin irinsa yakan kama 41 ko 42, kuma an lanƙwasa shi gaba da baya don tsalle da sauka cikin igiyar ruwa. Wannan lanƙwasar a iska mai ƙarfi ni'ima ce, a iska mara ƙarfi birki ce, tura ruwa take yi maimakon ta hau kansa. Allon iska mara ƙarfi kuwa, irin wanda Turawa ke yi wa laƙabi da ƙofa saboda kamanninsa, yakan kai 155 zuwa 165 a tsawo, 45 zuwa 50 a faɗi, cikinsa kusan shimfiɗe, kusurwoyinsa ba a yanke ba. In ka auna 138 da 41 ka kwatanta da 160 da 46, ƙarin fili ya kai kashi 30 cikin ɗari, kuma fili ne a inda ake buƙatarsa, ƙarƙashin ƙafarka. Kamfanin Spleene da Flysurfer sun daɗe suna yin irinsa, kusan kowane kamfani yanzu yana da nasa. Sabonsa bai kai rabin kuɗin sabon 17 ba. Na hannu kuwa araha ne, domin masu shi kunyar riƙe shi suke ji. Ba ya fashewa, ba ya yoyo, rana ba ta cinye ƙyallensa, bayan shekara biyar kana iya miƙa wa wani ya koya da shi.

Ba labari aka ba ni ba. Shekarata ta biyu a wasan nan na shiga wani shago da kuɗin da na yi wata biyar ina tarawa. Nauyina a lokacin kilo 80. Na gaya wa mai shagon matsalata, bai tambaye ni wane allo nake hawa ba, bai tambayi inda nake shiga ruwa ba, ya zaro takarda ya yi mini lissafin nan da kowa ya sani: nauyinka a raba da gudun iska a ninka da 2.2. Kilo 80 a not 10 ya ba da 17.6. Ya ce ka gani, lissafi ba ya ƙarya. Na biya na fito ina jin kaina. Lissafin bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi duka ba. An gina shi ne a kan cewa allonka matsakaici ne kuma ba za ka canza shi ba. Ka bi shi zuwa not 8 zai ce maka ka sayi 22, a not 6 ya ce 29. Duk lissafin da zai kai ka ga sayen kayit mai girman tsakar gida, alama ce tambayar tun farko ba daidai aka yi ta ba.

Na yi kaka guda da wannan 17 ɗin. Hura shi kaɗai aiki ne, kafin ka gama bugun famfo a zafin Dubai rabin ƙarfinka ya tafi. In na shiga ruwa ina tashi, ba na musu, amma haura iska ta gagara. Sai in yi ta gangarawa, in fito can ƙasa, in rungumi allo in dawo da ƙafa a kan yashi mai ƙuna, kayit a sama ina lallashinsa kada ya faɗo. Awa biyu a bakin ruwa, minti ashirin ne na wasa, saura tattaki. Wata rana wani dattijon Bature da ke zuwa wurin kullum, mutum mai jiki ya fi ni nauyi nesa, ya tsayar da ni. Shi 14 yake tashi da shi, kuma yana zuwa yana dawowa inda ya fara kamar an ɗaure shi da igiya. Ya miƙo mini allonsa, wani faffaɗan abu da duk ya kokkoɗe, ya ce gwada. Wallahi kaɗawa ɗaya na yi na tsinci kaina a tsaye. Karo na farko a irin wannan iskar na haura har na wuce inda na ajiye jakata. Da na fito ban san ko murna zan yi ko baƙin cikin kuɗina ba. Bayan mako biyu na gwada allon da 12 ɗina a not 12, ya tafi. Gani ya kori ji.

Yanzu ga ɓangaren da ya sa na ce sai na yi rubutun nan, domin asarar kuɗi ana mayarwa. Lissafin da ya sa ƙaton kayit bai ƙara maka komai sosai a ƙasa ba, shi ne yake juyowa ya cije ka a sama. Ka shiga ruwa a not 12, maki 144. Iska ta tashi zuwa not 20, maki 400. Jan ya kusan ninkawa sau uku, kuma kana ɗaure da mita 17 na ƙyalle a ƙugunka. Duk wanda ya zauna a gaɓar Tekun Fasha ya san shamal, iskar arewa maso yamma da kan taso da ƙarfi, wani lokacin ba ta ba ka dogon notis. A Tarifa ta ƙasar Sifen, wanda ya saba da poniente mai sauƙin hali ya san levante wata aba ce daban. Gwani yana ganin alamun tun daga nesa, launin ruwa ya canza, farin kumfa ya yawaita, ya fito ya sauke kayit. Sabon hannu murna yake yi iska ta zo, sai ya ji ƙafarsa ta bar ruwa. Mafi munin raunukan wasan nan a bakin ruwa ake samunsu, wajen ɗaga kayit da sauke shi, inda in aka fizge ka ba ruwa za ka faɗa ba, yashi ne ko dutse ko motar wani. Mai 12 da faffaɗan allo in iska ta tashi, abin da zai yi bai wuce ya fito ya ɗauki ƙaramin allonsa ya koma ba, kayit ɗin yana sama bai ma taɓa shi ba. Mai 17 sai ya nemi wanda zai kama masa, cikin iskar da ta riga ta fi ƙarfinsa. Da kayit ɗaya da allo biyu kana rufe iskar da ta kama daga not 11 ko 12 har wajen 22. Da allo ɗaya da kayit biyu ka kashe ninkin kuɗin, kuma tsakiyar ranar sai ka fito ka kwance ka sake ɗaurawa.

Ɗaya gefen ma haɗari ne. Iska ta mutu, ƙaton ya faɗa ruwa, a not 7 ko 8 tayar da kayit mai tiyub daga ruwa sai gwani, gwanin ma sai ya yi dabara. In kana nesa da gaɓa, ka shiga iyo da jan kaya. Ƙyalle mita 17 da ya sha ruwa ba abin wasa ba ne.

Na san amsar da za a ba ni, don an riga an fara ba ni ita a ƙarƙashin tambayar yaron. An ce faffaɗan allo ba daɗi, ba ya tsalle, a ruwa mai tuntuɓe yana dukan gwiwa yana watsa maka ruwa a ido. Gaskiya ne, duk na yarda. Amma mu ji tsoron Allah, wane tsalle ake yi a not 10? Mai 17 da ƙaramin allo a wannan iskar shi ma ba tsalle yake ba, gangara yake yi yana addu'a. Kuma ran da iska ba ta da ƙarfi galibi ruwan ma a kwance yake, dukan gwiwar sai iska ta haura 15, lokacin da dama ya kamata ka ajiye ƙofar. Abin da ke ƙasan maganar, in za mu faɗa wa juna gaskiya, ado ne. Ƙaton kayit a sama yana da kwarjini, a hoto yana fitowa. Faffaɗan allo a hammata kuwa kamar ka ciro murfin ɗakin girki, kowa zai ɗauka ɗan koyo ne. Da yawa cikinmu mun fi son a gan mu a matsayin gwanaye muna tattaki a yashi, da a gan mu a matsayin 'yan koyo muna kan ruwa.

Akwai kuma waɗanda maganarsu ke da tushe, ba zan haɗa su da na sama ba. Mai nauyin kilo 95 ko 100, shi kam 17 ba almubazzaranci ba ne, shi ne 13 ɗinsa. Amma shi ma allo zai fara saya, in ya haɗa biyun ne zai ga amfanin kuɗinsa. Haka gwanin da ya shekara biyar yana wasa, ya san karanta sama, yana son ya yi ɗan tsalle-tsalle a not 12, ya kuma san abin da yake saya. Wannan ba ruwana da shi, kuɗinsa ne. In ma zai saya, ya duba nauyin kayit ɗin kafin ya duba lambar da aka rubuta a jikinsa. Kayit mai haƙarƙari ɗaya mai mita 15 sau da yawa ya fi tsohon 17 mai haƙarƙari biyar zama a sama in iska ta lafa. Akwai sababbin da ake yi da ƙyallen Aluula, nauyinsu ya ragu ƙwarai, sai dai kuɗinsu na sa mutum ya nemi wurin zama. Akwai kuma marasa tiyub, masu aljihunan da iska ke cikawa da kanta irin na masu sauka daga dutse da laima, su ne sarakunan iska mara ƙarfi, ba su da nauyi, suna rataye a sama a iskar da mai tiyub ya daɗe da faɗowa. Amma igiyoyinsu kamar saƙar gizo, in suka harɗe ka samu aikin yini, in kuma suka daɗe a ruwa suna sha, ba sa zame maka abin kamawa kamar mai tiyub. Ba kayan wata huɗu ba ne.

Sai maganar foyil, allon nan mai doguwar ƙafa da fiffike a ƙarƙashin ruwa. Duk mai gardama da ni ya kalli wannan, domin shi ne babbar shaidata. Me foyil ya canza? Bai taɓa kayit ba. Ya ɗaga allo ne gaba ɗaya daga ruwa, jan da ruwa ke yi masa ya ragu matuƙa, sai ga mutum mai kilo 80 yana yawo a not 10 da kayit mai mita 10 ko 12, yana haura iska ta kusurwar da mai allon talaka ko a mafarki bai taɓa gani ba. Tun da 'yan uwan nan biyu na Faransa, Bruno da Dominique Legaignoux, suka yi rajistar kayit mai tiyub a 1984, an yi ta gyara kayit, an samu ci gaba babba a wajen tsaro da rage ƙarfi. Amma abin da ya buɗe ranakun not 8 da 9 ga talakawan wasa daga ƙarƙashin ƙafa ya fito. A gasar Olamfik ta 2024, karo na farko da aka saka wasan kayit, a Marseille aka yi, kuma ƙarancin iska ya yi ta dagula jadawali. Valentin Bontus na Ostiriya ya ci zinare a maza, Ellie Aldridge ta Birtaniya ta ci a mata. Wani zai ce ai su ma manyan kayit suke tashi da su in iska ta yi ƙasa. Haka ne, amma marasa tiyub ne, a kan foyil, tsere suke yi, ga jiragen ceto na zagaye da su. Ka cire musu foyil ka ba su allo 138, a wannan iskar ko layin farawa ba za su kai ba. Kuma ka lura, su ma da duk kayansu akwai ranakun da aka ce a koma gida. Akwai iskar da kuɗi ba ya saye.

Duk da haka ban ce ƙaninmu ya ruga ya sayi foyil ba. Fiffiken nan yana yanka, ƙafar ƙarfe ce ko kabon, faɗuwar farko-farko ba ta da daɗi, dole hular kwano da rigar kariya. Sai hannunka ya iya tuƙa kayit ba tare da ka ɗaga kai ka kalle shi ba, sannan ka ƙara wa kanka wani karatun. Kuma yana son zurfi, domin ƙafar takan kai santimita 60 zuwa 90 ko fiye. Waɗanda suka je Paje a Zanzibar sun san in ruwa ya janye wurin ba ya wuce gwiwa, ga iskar kaskazi ta Disamba zuwa Fabrairu ba ta kai kusi ta tsakiyar shekara ƙarfi ba. A irin wannan wurin ƙofar nan da ake rainawa ita ce sarauniya, foyil sai ya jira cikar ruwa. Wanda kuma yake da allon hawan igiyar ruwa, mai hanci ɗaya, ya gwada shi kafin ya sayi komai, shi ma yana ɗagowa da wuri fiye da ƙaramin allo mai baki biyu.

Akwai ma abubuwan da kusan kyauta ne, kuma ban ga ko mutum ɗaya ya ambace su a amsoshin nan ba. Igiyoyin yawancinmu mita 22 zuwa 24 ne. Ka ƙara musu mita uku ko biyar, kayit ya samu doguwar hanyar gangarowa, kowace kaɗawa ta daɗe tana ja, sama kuma iskar ta ɗan fi ta ƙasa. Juyawarsa za ta ɗan yi nawa, amma kuɗin ƙarin igiyar bai kai na cin abincin dare biyu ba. Sannan ka auna igiyoyinka. Da daɗewa na gaba sukan miƙe, na baya su zama kamar sun gajarce, sai kayit ya riƙa shaƙewa yana ja da baya. Rabin masu kukan "kayit ɗina ba shi da ƙarfi" wannan ce cutarsu. Ɗaya rabin kuwa hannunsu ne: da sun ji ja ya ragu sai su janyo sanda har ciki, su shaƙe kayit ɗin da kansu. A iska mara ƙarfi sakin sanda ake yi a bar shi ya yi gudu, a janyo kaɗan in yana gangarowa, a sake in yana hawa. Allon ma kada ka kafa gefensa tun farko, ka shimfiɗa shi, ka ɗan bi iska ka tara gudu, sannan a hankali ka fara haurawa. Wanda bai iya wannan da 12 ba, 17 ba zai koya masa ba, ɓoye masa kuskuren kawai zai yi.

Wani ɗan abu ga mazauna ƙasashe masu zafi. Iskar da ke da zafin digiri 35 ta fi ta digiri 15 rashin nauyi da wajen kashi 6 cikin ɗari, saboda haka not 12 na Dubai a watan Yuni ba ya ja kamar not 12 na Holan a watan Afrilu. In ka ga bidiyon wani yana tashi a not 9, ka tambayi inda yake, da nauyinsa, da allon da ke ƙafarsa, da kuma ko ruwan yana gudu yana fuskantar iskar, domin gudun ruwa na not biyu da ke tunkarar iska kyautar not biyu ce. Masu tallan kayit ba sa rubuta wannan a ƙarƙashin bidiyo.

Su kuma 'yan uwanmu biyu da suka tura hotuna ta akwatin saƙo, ban kama suna ba kuma ba zan kama ba. Sayar da kayanka halal ne. Amma ka tambayi kanka me ya sa kake sayarwa. In don ya shekara biyu a jaka ba ka buɗe shi ba ne, to ka faɗa wa mai saye haka, ka faɗa masa shekarar da aka yi shi da nauyinsa da inda aka yi masa faci. Ni nawa 17 ɗin da na tashi rabuwa da shi na sayar wa wani mai kilo 105, na gaya masa duk abin da na gaya muku, na yi asarar fiye da rabin kuɗina, har yau muna gaisawa.

Ƙanina mai tambaya, ga tawa amsar a fili tunda a fili ka yi tambaya. Ka riƙe 12 ɗinka. Ka nemi allo na hannu mai tsawon 150 zuwa 160, faɗinsa kada ya gaza 45, ka ɗora shi a ƙasa ka duba cikinsa a shimfiɗe yake. Ka sayi ƙarin igiya da ƙaramar na'urar auna iska, ka riƙa rubuta abin da ta nuna da abin da ya faru a ruwa. Ran da ta nuna ƙasa da not 10, kada ka hura komai, ka zauna ka sha shayi. Ragowar kuɗin ka ajiye, in shekara ta zagayo hannunka ya faɗa, mu yi maganar foyil. Ƙofata tana mota kullum. Ranar Asabar bayan azahar in Allah ya kai mu ina Kite Beach, ka zo da 12 ɗinka ka gwada kafin ka biya kowa ko dirhami ɗaya. Masu 17 ma su zo da nasu, iska ɗaya za mu shiga.